Inji ya ci hannu, oga ya ce ƙaddara ce: wai me doka ta ce a biya mutum?

Akwai wani yaro a layinmu nan Bolari, ba zan kira suna ba, yana aiki a wani injin matsar man gyaɗa irin waɗanda suka cika Gomben nan. Wata ranar Laraba bayan la'asar bel ɗin inji ya cafke hannun rigarsa ya ja, kafin a ruga a kashe wuta yatsu uku sun tafi. Aka sa shi a keke sai asibiti, aka yi ɗinki, da daddare mai injin ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba, ya biya kuɗin gado da magani, ya tura dubu hamsin ƙarƙashin filo ya ce Allah ya kiyaye gaba. Baban yaron har bakin mota ya raka shi yana ta zuba godiya, "Alhaji Allah ya saka da alheri, wallahi ba kowa ne zai yi haka ba." Da muka keɓe na ce masa, "Baba, yaron nan fa yana da haƙƙi a doka wanda ya wuce wannan nesa ba kusa ba," sai ya kalle ni kaman na yi saɓo, ya ce, "Kai ɗan nan, ƙaddara ce fa, mutumin da ya yi mana wannan mutuncin shi za mu kai ƙara?"

Toh ni ban ce a kai kowa ƙara ba, kuma nan ne yawancinmu muke ruɗewa. Da an ce haƙƙi sai hankalinmu ya tafi kotu da lauya da ɓacin zumunci, alhali tsarin da ake kai yanzu an gina shi ne ta yanda ma'aikaci zai karɓi kuɗinsa ba tare da ya yi faɗa da ogansa ba, kuma kuɗin ma ba daga aljihun ogan zai fito ranar ba.

Maganar ƙaddara kuwa, ai babu musulmin da yake musunta. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne dai ya ajiye diyya a kan kisan kuskure, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a zaure ya ji an karanta cewa ran mutum raƙuma 100 ne, hannu ɗaya rabin haka, kowane yatsa raƙuma 10. Kuskure fa, ba ganganci ba. Kenan tun asali "ba da gangan aka yi ba" bai taɓa zama dalilin da zai sa a sallami mutum da ledar lemo ba. Ba ina cewa dokar gwamnati ita ce diyyar shari'a ba, kowacce da ma'auninta da wanda take hawa kansa, abin da nake nufi kawai wanda ya nemi haƙƙin yatsunsa bai yi rashin tawakkali ba.

Dokar da ake magana ita ce dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, lauyoyi suna ce mata ECA. Kafin ita akwai tsohuwa ta 1987, zamanin soja, a waccan mai kamfani ne da kansa yake biya, dunƙule sau ɗaya, albashin wata 42 in mutum ya rasu, wata 54 in ya nakasa gaba ɗaya, kuma kowa ya san yanda ake ƙarewa in aka ce mai kuɗi ya ciro kuɗi ya ba talaka, sai ja-in-ja har mai rauni ya gaji ya bar wa Allah. Ta 2010 sai ta canza salo. Ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata cikin wani asusu, hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata, ita ce take riƙe da shi, ranar da tsautsayi ya faɗa wa wani sai a biya shi daga asusun. Kaman adashe ne, sai dai shi wannan ba wanda yake addu'ar kwasarsa ta zo.

A lura da kyau, kashi ɗayan nan oga ne yake biya daga nasa. Doka ta hana a cire shi daga albashin ma'aikaci, in ka ga an zaftare maka wani abu da sunan NSITF toh an ci ka, laifi ne. Kuma ba wani kuɗin tashin hankali ba ne, ma'aikacin da yake kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka amince da shi a 2024, naira 700 ce tasa a wata. Ɗari bakwai. Ko litar fetur ɗaya ba ta saya ba.

Su wa dokar ta rufe? Nan ne mutane suke mamaki in an faɗa musu. Ba sai ma'aikacin banki mai ɗaure wuya ba. Ta ce duk wanda wani ya ɗauka aiki, ko da takarda ko da baki kawai aka yi magana, na dindindin ne ko na wucin gadi, ko wanda ake biya kullum in an tashi, har yaron da yake koyon sana'a a gareji, har 'yar aikin gida matuƙar ba 'yar gidan ba ce. Ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma duk suna ciki. Sojoji ne aka ware, su suna da nasu tsarin. Saboda haka leburan da yake ɗaukar kwanon kankare ranar zuba dekin a Tumfure, da mai gadin makarantar kuɗi, da direban motar kamfanin fiya wata, da yarinyar da take shara a asibitin kuɗi, da mai tura shinkafa cikin inji, a takarda duk ɗaya suke da manaja. Wanda yake aikin kansa, kaman ɗan acaɓa da mashin ɗinsa ko mai faci a bakin titi, shi ne bai shiga kai tsaye ba tunda ba shi da oga. In kuma ɗan kwangila ne ya kawo ka wurin aikin wani babban kamfani, kada su yi ta buga ka kaman ƙwallo wannan ya ce ba yaronsa ba ne wancan ya ce ba a wajensa abin ya faru ba, doka ta ɗora nauyin zubin a kansu su biyun.

Sai abin da ake ƙirgawa a matsayin raunin aiki. Kowa ya san na fili, faɗowa daga gini, yankan inji, ƙuna, wutar lantarki. Amma akwai waɗanda ba a kawo su a rai. Haɗarin hanya tsakanin gidanka da wurin aiki yana ciki, haka tsakanin wurin aiki da inda ka saba cin abinci ko inda kake karɓar albashi, in dai oga ya san da wurin tun farko. Wato malamin makarantar da ya taso daga Kumo da safe zai zo aiki Gombe mota ta kife da su, yana da magana. In an aike ka Bajoga ko Kaltungo da sunan aiki abu ya same ka a can, shi ma haka. Akwai kuma cutar da aikin ne yake sa ta a hankali, kuma wannan ya kamata ya dame mu a jihar da ake siminti a Ashaka, ake haƙar kwal a Maiganga, ga wuraren fasa dutse, ga ƙurar injinan hatsi, ga masu feshin maganin ƙwari a gonakin Dadin Kowa. Mutum ya shekara goma sha yana shaƙar ƙura, ƙirji ya toshe, ya koma gida ana ta jiƙa masa saiwa ana cewa sanyi ne ko sammu. Kurumcewa saboda ƙarar inji ma doka ta ambace ta da sunanta. Har taɓuwar hankali ko firgicin da wani mummunan abu a wurin aiki ya jawo, in likita ya tabbatar, ana biya.

Wani abu da nake so ya zauna a kai, tsarin nan ba ya tambayar laifin waye. Ka san abin da oga yake fara faɗa, "ai shi ya yi ganganci, sau nawa ina hana shi sa riga mai dogon hannu." Ko da hakan ne, tambayar da hukuma take yi ita ce, a bakin aiki abin ya faru kuma ta dalilin aikin? In eh ne, shikenan. Ba sai ka kawo shaidar cewa oga ya yi sakaci ba, shi ma ba sai ya wanke kansa ba. Shi ya sa na ce wa baban yaron babu faɗa a ciki.

Yanzu ga inda ake yin asara, kwanaki. Wallahi yawancin haƙƙin da yake salwanta ba wani ne ya danne shi ba, lokaci ne ya cinye shi muna zaune muna jiran a ji sauƙi tukunna. Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, shi ko wani a madadinsa, in rasuwa ce iyalansa. Sanarwar ba wani turanci ake nema ba, suna, rana da lokaci, wuri, me ya faru, me ya ji ciwo, a miƙa wa manaja ko fomanin da yake kula da wurin. Za ka ce ai oga yana tsaye abin ya faru, me zan sanar da shi? Gaskiya ne doka ta yi sassauci in ya tabbata oga ya riga ya sani, amma baki shi yake yanka wuya, yau ya ce ya sani, bayan wata shida in magana ta zama ta kuɗi ya ce shi bai san a injinsa aka ji ciwon ba. A rubuta a takarda, a yi kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a naka. In ya ƙi, a tura masa ta WhatsApp ko tes a ajiye, kada a goge.

Shi kuma oga kwana 7 gare shi ya kai rahoto NSITF, in mutuwa ce nan take. Sannan takardar neman diyyar kanta, fom ne ake cikewa, dole ta shiga cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru. In shekara ta wuce ƙofa ba ta rufe ruf ba, hukuma tana iya karɓa har zuwa shekara 3 in ta gamsu akwai wani uzuri na musamman da ya hana, amma wannan alfarma ce kake nema kuma, ba kaman wanda ya zo a kan lokaci ba. Mu kuwa ga yanda muke yi, wata biyu a asibiti, wata uku wajen mai ɗori, sai azumi ya zo a ce bari a sha ruwa, sai damina a ce bari a gama noma, oga kuma duk sanda aka je sai ya ce "ku ƙara haƙuri ina sane," a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Tunda na ambaci mai ɗori bari in faɗi wannan ko da wasu za su ji haushi. Ban raina masu ɗorin gargajiya ba, akwai waɗanda Allah ya ba su sa'a. Amma mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, hukuma kuma da takarda take aiki. Duk inda zuciyarka ta kwanta daga baya, fara zuwa asibiti a buɗe maka kati a ranar, ka gaya wa likita ƙarara cewa a wurin aiki ne, ya rubuta haka a fayil. Na san ana yi, a hanyar asibiti wani daga wurin aikin zai raɗa maka "ka ce a gida ka faɗi don kada 'yan sanda su shigo," kada ka yarda, wannan jimla ɗayar ita za ta kashe maganar gaba ɗaya. A ajiye hoton ƙashi, rasit na magani ko na naira ɗari biyu ne, takardar sallama, a ɗauki hoton raunin da na injin da waya, a rubuta sunan abokan aiki biyu da suka gani da lambarsu. Sai shaidar cewa kai ma'aikacinsu ne, wanda shi ne ya fi ba mutanenmu wahala tunda yawanci da baki ake ɗaukar aiki, duk da dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa. In babu takarda, alat ɗin albashi a waya shaida ne, katin aiki shaida ne, rigar kamfani, littafin da ake sa hannu da safe, duk a tattara.

Toh nawa ake biya? Farko akwai jinya, kuɗin asibiti da magani da tiyata, da abin da mutum zai buƙata daga baya kaman ƙafar roba ko keken guragu, har da taimaka masa ya koyi wata sana'ar in ba zai iya komawa tsohuwar ba. In rauni ne na ɗan lokaci, ka yi jinya ka warke ka koma, ana biyan kuɗi dunƙule gwargwadon jadawalin da yake cikin dokar. In kuwa nakasa ce ta har abada wadda mutum ba zai sake iya aiki ba, misali ido biyu sun tafi ko hannu biyu, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai ɗaukar dubu 80 kenan zai riƙa samun dubu 72. In nakasar ta wani sashe ce, kaman yaron layinmu, sai a kimanta nawa raunin ya rage masa na abin da zai iya samu, a ba shi kashi 90 na wannan giɓin. A misali, da yana samun dubu 80, yanzu da hannun da ya rage aikin dubu 50 kawai zai iya, giɓi dubu 30, kashi 90 ɗinsa dubu 27 a wata. Lissafin hukuma ya fi wannan ƙwaƙƙwafi, likitocinsu suna duba mutum su yanka kason nakasar, amma hanyar kenan. Kuma biyan yana tafiya har mutum ya kai shekara 55, ko lokacin da zai yi ritaya in ya wuce haka, wanda kuma ya riga ya kai 55 sanda abin ya same shi ana ba shi na shekara 2 ko zuwa ritayarsa. Yanzu ka ɗauki yaro ɗan shekara 24, ka lissafa daga nan zuwa 55, sannan ka ajiye dubu hamsin ɗin ƙarƙashin filo kusa da shi ka gani.

In rasuwa aka yi, Allah ya sa mu cika da imani, lissafin yana bin waɗanda mamacin yake ciyarwa ne. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 na albashinsa duk wata. Mai ɗa ɗaya kashi 85. Wadda ba ta da ɗa, in ta kai shekara 50 ko tana da lalurar da ta kwantar da ita kashi 60, in ba ta kai ba ana rage kashi ɗaya a kan kowace shekarar da ta rage mata zuwa 50, wato 'yar shekara 30 za ta samu kashi 40, amma duk ƙuruciyarta ba a sauka ƙasa da 30. In marayu ne ba uwa ba uba, ɗaya kashi 40, biyu 60, uku zuwa sama 80, kuma ana biya wa yaro har ya kai 21 ko ya gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Miji ma in matarsa ce ma'aikaciyar kuma ita take riƙe da shi, haka ne. Anan ina roƙon 'yan uwan mamaci, baffanni da yayye, wannan kuɗin ciyar da waɗanda aka bari ne wata-wata, dokar ta faɗi masu shi, ba gona ba ce da za a zauna bayan sadakar bakwai a ce a kasa. Gidan da yake da mata fiye da ɗaya kuma a kai sunan kowace da na 'ya'yanta tun farko, kada a ɓoye wani ɗaki, rigimar da za ta biyo baya sai ta fi kuɗin. A kuma tambaya ko wurin aikin yana da inshorar rai ta ma'aikata wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta, ita mafi ƙarancinta albashin shekara 3 ne, kuma daban take da ta NSITF, samun ɗaya ba ya hana ɗaya.

Duk wannan daɗin baki ne in aka zo ga tambaya ɗaya, shin ogan ya yi rajista yana zubi? Gaskiyar magana manyan kamfanoni da masu neman kwangilar gwamnatin tarayya su ne suka fi yi, su ma don ana neman takardar shaidar NSITF kafin a ba da kwangila. Ƙananan injina da gidajen burodi da masu buga bulo da makarantun unguwa, da yawansu ko sunan hukumar ba su taɓa ji ba, wasu kuma sun ji sun toshe kunne. In ka je ofishinsu, suna da shi a Gombe suna da shi a Bauchi, abin da za su fara dubawa kenan, kuma in babu sunan wurin aikinka magana takan tsaya cak. Duk da haka a je a kai rahoton a rubuce, domin rashin rajistar laifin oga ne ba na ma'aikaci ba, kuma hukuma tana da ikon binsa bashin zubin da tara. A kuma leƙa ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, su ne masu duba masana'antu, dokar masana'antu ta wajabta a killace duk wani bel da haƙorin inji mai haɗari, ta kuma ce a kai musu rahoton duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3.

Daga nan ne maganar kotu take shigowa, kuma ba kotun majistare ko ta unguwa ba, kotun ma'aikata ta ƙasa ce take da hurumin irin wannan shari'ar tun gyaran tsarin mulki na 2010, tana zama a Bauchi. Amma a yi hattara, akwai tarko. Dokar ta ce diyyar asusun tana tsayawa ne a madadin ƙarar da za ka kai ogan, ba a cin biyu. In kuma wani na waje ne ya jawo abin, misali kana kan aiki motar wani ta buge ka, kana da zaɓi, ko ka bi asusun ko ka yi ƙarar mai motar, an ba da wata 6 a zaɓa, in ka zaɓi kotu ka rufe wa kanka ƙofar asusun. Kotun ma'aikata ta sha sauraron ƙarar sakaci a kan masu kamfani ta kuma yanka musu kuɗi, musamman inda aka bar inji tsirara ko ba a ba mutane kayan kariya ba, sai dai shari'a tana cin lokaci tana cin kuɗi kuma sai ka tabbatar da sakacin. Don haka kafin a taka kowace hanya a zauna da lauyan da ya san harkar ƙwadago, ba kowane mai baƙar kwat ba. Wanda ba shi da hali akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ta Legal Aid, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, in wurin aikin yana da ƙungiyar ƙwadago a fara da ita.

Sai takardar nan da ake kawowa gadon asibiti. Mutum yana cikin zafin ciwo a zo da wata takarda da turanci da ambulan a ce "dangwala nan, shaidar ka karɓi taimako ne kawai," ashe an rubuta ka yafe komai. Dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da oga ta yafe diyyarsa ba ta da ƙarfi, banza ce. Amma duk da haka kada a dangwala abin da ba a karanta ba, don za ta zama abin jayayya daga baya. Karɓar taimakon ba laifi ba ne, a karɓa a yi godiya, a rubuta nawa ne da ranar.

In hukumar ta yanke abin da bai gamsar da kai ba, ko ta ce ba ka cancanta ba, kana da kwana 180 ka rubuta mata ta sake dubawa, in nan ma ba a dace ba sai kotun ma'aikata. Ba zan yi wa NSITF kwalliya ba, hukumar gwamnatin Najeriya ce da duk abin da hakan yake nufi, akwai jeka-ka-dawo, fayil yana iya kwana a tebur ɗaya wata da watanni, kuma ba mu manta da labarin da ya karaɗe jaridu a 2022 ba, sanda aka ce gara ta cinye takardun kashe kuɗi na kusan naira biliyan 17 da kwamitin majalisar dattawa ya nema, duk da hukumar ta fito ta kare kanta. Irin wannan ne yake sa masu kamfani su ce don me zan zuba kuɗina gara ta ci. Ina jin su. Amma ni a ganina wannan dalili ne na a matsa wa hukumar lamba, ba dalilin barin lebura ba rufin asiri ba, kuma mai injin da yake ganin ɗari bakwai ta yi yawa bai taɓa zama ya lissafa abin da kotu za ta iya yanka masa a kan hannu ɗaya ba.

Shi dai yaron layinmu bai koma injin ba, an sa wani a gurbinsa tun satin da abin ya faru, yanzu yana zama a shagon cajin waya na yayansa, yana koyon ƙirga canji da hannun hagu. Wata goma sha huɗu kenan, shekarar ta riga ta wuce. Shekaranjiya bayan sallar isha'i baban ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, "Ɗan nan, wannan maganar da ka taɓa yi mini, har yanzu ana iya wani abu?" Na ce masa saura ƙofar shekara ukun, in sun karɓi uzurinmu, kuma sai mun fara gano ko Alhajin ya taɓa yin rajista. Katin asibitin yana nan, uwar yaron ta adana shi cikin kwalla tare da rasit guda huɗu. Ranar Litinin za mu je ofishin da su.